Kazar Inna ta ƙarshe mai kwanci

Zabuwa ba uwar kirki ba ce, sai ta zuba ƙwai cikin ciyawa ta kama gabanta. Shi ya sa a ƙauyenmu, kusa da Mawashi, kaza ake sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai. Da wannan sana'a Inna, mahaifiyata, ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Damina na faɗuwa za ta cika akurki da ƙwai, da rani a kai zabi kasuwar Kankia.

Kajinta irin na kakarmu ne, ƙanana, masu faɗan tsiya. Ni kam ban taɓa son su ba. Ka miƙa hannu kusa da mai kwanci, ka dawo da jini. Amma shirwa na giftawa uwar za ta yi ƙara ɗaya, 'yan tsaki su ɓace ƙarƙashin rumbu.

Sai manyan zakarun gidan gona suka cika ƙauyen. Kowa ya saya, Inna ta ƙi. Ƙin nata bai hana komai ba, tunda zakara ba ya sallama kafin ya tsallako danga. Kowace shekara kajinta sai ƙara girma da sanyin hali. Ƙwai kam ba a magana. Kajin suna bin ta har ɗaki, suna cin tsaba a tafin hannunta. Kwanci ne dai babu: kaza ta saka ƙwai ta yi tafiyarta ko waiwaye. A ƙarshe mai kwanci ɗaya ta rage mata, wata tsohuwar wake-wake mai ido ɗaya.

Wata damina na zo daga Kusada, inda nake aure, na tarar an sa wa tsohuwar ƙwan zabi. Na ce, "Inna, wannan ai ta tsufa."

Ta ce, "To wa zan sa? Ke za ki kwanta min?"

Saura kaɗan a ƙyanƙyashe, wata safiya muka tarar da kazar ta mutu, a sanƙare kan ƙwan, fukafukai a buɗe. Ƙwan da sauran ɗumi. Inna ta kara mini ɗaya a kunne, na ji ana ƙwanƙwasawa a hankali daga ciki.

Na bi gida-gida neman aron mai kwanci. Ko'ina sai a nuna mini ƙosassun kaji masu sheƙi, amma babu mai kwanci ko ɗaya. Da na dawo, Inna ta kama 'yar tsohuwar, wata ƙatuwar ja, ta ɗora ta kan ƙwan, ta kifa kwando ta danne da dutse.

Da la'asar muka ɗaga kwandon. Tana tsaye. Ta tattake wasu, ta cinye abin da ke ciki, sauran sun yi sanyi ƙalau. Ta karkaɗe jiki ta fito, ta zo ta lafe a kan ƙafar Inna.

Na so in shure ta, wallahi. Inna kuwa bayanta ta shafa, ta ce, "Ƙyale ta, ɗiyar nan. Ni ta sani hwa. Ba ta san ɗiya ba."

Na binne ƙwan tare da tsohuwar a bayan rumbu, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce wa Inna baɗi zan nemo mata kaji irin na da, ko a ina suke.

Ta dubi danga ta ce, "Ki kawo. Zakarun na nan."