Ranar da Na Goya Uban Wani a Duwatsun Girka

Abubuwa da yawa na zamana a Doha sun ɓace mini, har lambar motar da na yi shekara shida ina tuƙawa. Amma sati biyun da na yi a ƙasar Girka ko na so in manta ba za su bar ni ba, da su za a sa ni a kabari.

Lokacin ina direba a gidan wani Balarabe a unguwar Thumama. Shi ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar da fitata duk a hannunsa suke, har fasfona a wurinsa yake. Kwana kuwa a unguwar Asmakh nake yi, mu biyar a ɗaki ɗaya, duk 'yan Arewa, masu gadi da direbobi. Babbanmu wani dattijo ne ɗan garinmu da muke kira Kawu, yana gadin wani bene a unguwar Bin Mahmud. Shi ya fara yin wayar hannu a cikinmu, don haka lambarsa mutanen gida suka riƙe, kowane saƙo ta kansa yake biyowa.

Shekarata uku rabona da gida. Hutuna ya faɗo a tsakiyar zafi, na riga na haɗa tsaraba, har da bargo mai laushi na Baba, don an ce mini ƙafafunsa sun kumbura yana kwance. Saura kwana goma in tafi maigida ya kira ni majalisarsa, wato falon da yake karɓar baƙi. Ya ce za su Girka shan iska, kuma mahaifinsa ya kafe ba inda za shi sai da ni. Tsohon nan gwiwoyinsa sun gama aiki, a keken guragu yake, kuma duk gidan ni kaɗai ya yarda in ɗaga shi.

"Sati biyu ne kawai," in ji maigida. "In hutunka kake so yanzu, khalas, shi ke nan, ga fasfonka. In ka bi mu, muna dawowa ka wuce Nijeriya."

Ba zan ɗora wa mutumin nan laifi ba, bai tilasta ni ba. Ni ne na ji an ambaci Turai raina ya biya. Har na hango kaina a dakalin ƙofar gidanmu ana ta karɓar hotunana hannu zuwa hannu. Na ari wayar Kawu na kira gida, ƙanena ya ɗauka.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Yana cin abinci?"

Ya ɗan yi shiru. "Yana shan kunu. Yaushe za ka taso?"

Ni Bahaushe ne, a gabana aka yi jinyar kakata, ana cewa da sauƙi har ranar da aka haƙa kabarinta. Na san mu ba ma gaya wa na nesa gaskiyar ciwo, na kuma san ƙani ba ya tambayar wansa ranar tasowa haka siddan. Shirun nan na ji shi sarai. Amma "da sauƙi" nake son ji, ita na riƙe na bar sauran. Da na miƙa wa Kawu wayarsa ya ce, "Da ni ne kai, gida zan nufa." Na ce masa ai sati biyu kamar gobe ne.

Larabawan nan ba sa cakuɗuwa da jama'a a motar 'yan yawon buɗe ido. Kullum da safe ƙatuwar mota za ta tsaya a ƙofar otal, tamu mu kaɗai, da direbanta da wani mai yi mana bayani da yake jin Larabci, a fita da hantsi a dawo da yamma. Tun da nake ban taɓa zama a baya wani yana tuƙa ni ba sai lokacin. Mun ratsa tsaunuka masu itatuwa har ƙoli, ruwa na gangarowa da sanyi kamar daga firiji. Wata rana aka kai mu wani kogo da ake shiga da ƙaramin kwalekwale, duwatsu na reto daga sama suna ɗigar ruwa, tsohon yana ta salati, ni ina ta ƙyasta kyamarar aro. Na ci na sha, har kumatu na yi.

Ranar Laraba ta sati na biyu aka kai mu wurin da ya fi ko'ina. Wasu dogayen duwatsu ne tsaye ƙiƙam kamar rumbuna, a kansu an gina gidajen ibada na Kiristoci masu zuhudu, masu baƙaƙen riguna da dogon gemu. Mota tana da iyaka, daga nan sai matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, keke ba ya hawa. Maigida ya ce wa mahaifinsa ya jira a mota. Tsohon ya ce bai taso daga Doha don ya kalli bayan kujera ba. Sai kowa ya juyo ya dube ni.

Na durƙusa na goya shi. Ba shi da nauyi, ƙashi ne da fata, amma matakalar ta ƙi ƙarewa. Gemunsa yana gogar wuyana, yana ta cewa "Yalla, ɗana, yalla," yana sa mini albarka. Turawa suna matsa mana, wata ma har tafi ta yi mini, maigida yana gaba yana ɗaukarmu hoto. Da muka kai sama tsohon ya riƙe fuskata da hannu biyu ya ce 'ya'yan cikinsa ba su taɓa yi masa abin da na yi ba. Kaina ya yi girma ƙwarai.

A can sama mai bayanin ya nuna mana kogwanni a jikin dutsen da ke fuskantarmu. Ya ce a ciki masu zuhudun nan na farko suka zauna, da igiya da raga ake ja musu abinci, kuma wanda ya hau ya yi sallama da duniya ke nan, wani ko mahaifinsa ne ya mutu ba ya saukowa. Ban manta abin da na ce ba, da gurɓataccen Larabcina na direbobi, na ɗaga murya don tsohon ya ji.

"Wane irin ɗa ne zai hau dutse ya bar ubansa ya mutu a hannun wasu?"

Tsohon ya gyaɗa kai ya dafa kafaɗata.

Da muka sauko da la'asar na kira Kawu daga wayar bakin titi, na tambaye shi labarin gida. Ya ce, "Lafiya lau. Ka kula da aikinka, sai ka dawo." Muryarsa ta yi sanyi, na ce a raina nisan layi ne.

Bayan kwana huɗu muka sauka Doha. Na shiga Asmakh da rana tsaka, riƙe da ledar zuma da man zaitun da na sayo wa Baba. A ƙofar ɗakinmu na tarar da takalma sun fi na mutum biyar nesa ba kusa ba, har waɗanda ya kamata a ce suna bakin aiki suna zaune. Ba wanda ya tambaye ni Turai. Kawu ya ce in zauna, ya miƙo mini ruwa.

"Sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya."

"Yaushe?"

"Laraba da hantsi. Kafin azahar aka kai shi."

"Kawu, ai na kira ka ranar Laraba."

"Ka kira. Kana ƙasar mutane, fasfonka a jakar wani, in na gaya maka me za ka yi? Haka ake yi, ka sani."

Na sani, ni ma da haka zan yi wa wani. Na yi wata biyu daga gaisuwa ba abin da yake haɗa ni da Kawu, alhali ba shi nake jin haushi ba, kaina nake jin haushi, shi ne kawai yake kusa. Da na je gida ƙanena ya ce a kwanakin ƙarshe duk wanda ya yi sallama a zaure sai Baba ya tambaya ko ni ne. Shi da maƙwabta suka riƙa ɗaga shi suna kwantarwa, su suka ɗauki makararsa, daidai lokacin da nake hawa dutse da uban wani a bayana.

Maigida kuwa ya sa aka ƙara girman hoton nan ya rataya a majalisarsa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce, "Dubi direbana, ɗan halas." Shekara uku na ƙara a gidan ina shiga da butar gahawa ina ganin kaina ina dariya a jikin bango.

Tun daga nan na daina yanke wa kowa hukunci a kan iyayensa, bakina ya mutu a kan dutsen nan. Kuma duk ɗan garinmu da ya zo ya ce mini an kira daga gida an ce jikin tsoho da sauƙi, ba na tambayarsa komai. Ce masa nake ya je ya karɓi fasfonsa yau, kada ya bari sai gobe.