Ayabar Sabon Gari

Kwana uku da kai yaron nan yaye wurin kakarsa, uwar maigida, a Roni, ƙanwar maigida ta zo mana Kazaure. Tana alwala a tsakar gida ta ce, kamar da buta take magana, "Yaro dai ya ƙi kunu, ya ƙi tuwo, sai ruwa." Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in tambayi lafiyarsa gaban mutane. Na ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba, amma rabin garin a ƙasa ya ƙare.

Ƙawata ta ƙuruciya ce ta gane halin da nake ciki. Washegari za ta Kano wurin yayarta a Fagge, sai ta roƙi maigida ya bar ni in raka ta. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

"Tashi, sarauniyar tagumi," in ji ta. "Zaman nan ba zai sa masa kunu a baki ba."

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama ce, duk motar da ta tunkaro mu sai na yi salati. A Kano ƙawata ba ta bar ni na zauna ba. Ta hau da ni Dala, ina haki tana dariya. Daga sama na ga koriyar tuluwar babban masallaci, da benaye sababbi ana ta ɗora musu hawa, da jirgi yana saukowa kamar zai taɓa kan dabino. Daga nan sai gidan namun daji. Zaki bai dame ni ba, barci ma yake yi. Wata biranya ce da ɗanta maƙale a ciki ta tsayar da ni, har na ji nono ya jiƙa ɗaurin ƙirjina.

"Kin ga wadda ba ruwanta da kunyar ɗan fari," ta ce. Na kai mata duka da gefen mayafi.

Da azahar ta ja ni Sabon Gari, rumfar wata Bayarabiya mai abinci. Ban taɓa cin abinci a waje ba.

"In wani ɗan Kazaure ya gan ni fa?"

"Shi me ya kawo shi? Ci, malama."

Shinkafa ce da jar miya da nama, ga cokali. Yajin ya sa ni hawaye, amma sai da na ga bayan kwanon. Ina ci idona yana kan 'yar mai abincin, tsarar nawa, zaune a kan benci. Uwar ta murƙushe ayaba da bayan cokali tana ba ta, yarinya na buɗe baki tun cokalin bai iso ba.

Ni da ba na iya yi wa baƙo magana, sai na ji na ce, "Mama, an yaye ta ne?"

"Sati biyu. Ba ya cin komai, sai wannan," ta ce da Hausarta. "Ki nemi mai baƙin ɗigo a jiki, shi ne ya nuna."

A wurinmu lokacin ayaba sai an yi tafiya ake ganinta. Ni na zaɓa da hannuna, nono guda, na riƙe a cinya har Kazaure, ban yarda an ɗora ta a saman mota ba.

Kai wa yaron ayabar kuma ba nawa ba ne. Yaron da ake yaye ba ya ganin uwa, ga kuma surukuwa. Ƙawata ta ce, "Tsarabata ce, wa ya ce taki ce?"

Da safe muka tafi Roni. Ta shiga da sallama, ni na laɓe a gidan maƙwabta, bayan zana, ina leƙe ta wata kafa. Ya rame, wuyansa ya fito. Kakar tana cewa, "Mijin nan nawa ya ƙi girkina, ko wata ya gani?" Ƙawata ta murƙushe ayaba yadda na nuna mata. Ya kau da kai sau biyu. Na uku ya lasa, ya tsaya, sai ya kamo hannunta da cokalin gaba ɗaya.

Ya cinye ɗaya, aka ɓare ta biyu.

Tsohuwa ba ta ko waiwayo zanar ba, ta ɗaga murya kawai. "A gaya wa mai tsaraba an gode. Ta koma gida ta ci abinci, rana na yi."