Mun Zaci Ƙusa Ce a Bakin Babana

Yaushe rabonku da ku kalli fuskar babanku da kyau? Ba kallon ina kwana ba fa, kallon da za ka tsaya ka duba gefen dama ka duba na hagu ka ga ko daidai suke. Ni wallahi ban taɓa yi ba, gida ɗaya muke, kullum ina ganinsa, sai da wata likita da ba ta san mu ba ta yi masa kallo ɗaya ta ga abin da mu muka yi shekaru muna yi wa dariya. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba kuma sauri nake kafin ya tashi daga barcin rana.

Babana gyaran kujeru yake, irin na kushin ɗin nan, ya yaye tsohon yadi ya sa sabon soso ya ja leda ya buga. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, jikin na mai walda, in ka shiga warin gam ne zai fara tarbar ka, ga guntayen soso ko'ina har cikin takalmi. Tun yana shekara sha biyu ya fara, babansu ya rasu aka kai shi wurin wani tsoho mai wannan sana'a, kuma abin da tsohon ya fara koya masa ba guduma ba ce, yadda ake riƙe ƙusa a baki ne. Ƙananan ƙusoshin nan baƙaƙe, zai ɗebo cikin tafi ya watsa a baki ya tara su a kuncin hagu, harshe ya juyo da ɗaya kanta waje, ya kawo guduma kusa da leɓe, gudumar tana da maganaɗisu ta cafke, ƙwas ya buga. Hannun hagu na jan yadi, na dama na bugu, baki na miƙo ƙusa. Yakan ce bakinsa shi ne hannunsa na uku. Mutane har tsayawa suke a ƙofa su yi kallo.

Mama ta ce ranar da ta fara ganinsa bebe ta zaci shi ne. Kujerar keken ɗinkin yayarta ta kawo, ta gaishe shi sau uku yana ta gyaɗa kai kumatu a cike, har ta fara yi masa magana da hannu tana ɗaga murya, sai ya tofar da ƙusoshin cikin gwangwani ya ce, "Malama ina ji, abinci nake ci." Ta ce dariya ta yi har ta zauna a kan ƙusa. Haka suka fara. Mu huɗu suka haifa, ni ce auta.

Da yake bakinsa kullum a cike yake, sai muka saba yana mana magana da guduma. In ka tambaye shi abu ya buga katako sau ɗaya, eh ke nan. Sau biyu, a'a. Sau uku a jere kuwa ni ake kira, ko ina ƙarshen layi na ji zan taho a guje.

Duk layin Kumatu suke ce masa. Mai walda, abokinsa ne tun suna samari, mu Kawu muke ce masa, shi ya raɗa masa sunan. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Kumatu, yau me aka karya da shi, inci ɗaya ko rabin inci?" Baba ya tofar ya ce, "Kai da wuta ta gama gasa maka ido ina ka ga inci? Jiya ƙofar da ka haɗa ai sai an karkata kai ake shiga." Su yi ta yi har masu jiran aiki su manta abin da ya kawo su.

To ban san ranar da abin ya fara ba, babu wanda ya sani. Ni dai na san ina aji uku na fara tsokanarsa, in ya dawo gida ya wanke baki ya zauna, sai in ga kuncin hagu bai sauka ba, in dangwala masa yatsa in ce Baba ka taho da ƙusar mutane gida. Ya buɗe baki ya ce duba, ki ciro rabonki. Mama ta ce fatar ce ta saba, shekara talatin ana cusa mata ƙarfe ai dole ta buɗe kamar aljihu. Kowa ya yarda, har shi. Na tuna wata rana na danna na ji wurin da tauri kamar gwiwa, ba taushin kunci ba, na ce kai Baba ƙusar nan ta yi saiwa, aka kwashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Sai haƙoransa na ƙasa na can ciki suka fara kwanciya, ɗaya ya jingina da ɗaya. Wata rana yana cin abinci ɗaya ya fita haka kawai, ba zafi ba komai, ya ɗaga ya nuna mana ya ce tsufa ya aiko da gaisuwa. Shi ke nan ya jefar.

Abin da ya kai mu asibiti ma ba kumburin ba ne. Wurin da yake tara ƙusa ne ya matse, suka fara zame masa, ranar nan da azahar na kawo masa abinci ina ajiyewa na ga ya tsaya cak ya dafe maƙogwaro ido waje. Ya haɗiye ɗaya. Sama da shekara talatin bai taɓa ba. Kawu mai walda ya jefar da abin hannunsa ya ɗauke mu a babur, ni a baya ina riƙe da rigar Baba ina kuka.

Aka yi masa hoto aka ga ƙusar ta sauka ciki, likitar wata matashiya ce mai tabarau, ta ce ƙarama ce za ta fita da kanta, a dai sa ido. Har mun fara murna. Tana rubutu ta ɗago ta ce, "Baba ai sai ka tofar da sauran, kada ka ƙara haɗiye wata."

Baba ya ce, "'Yata babu komai a bakina."

Ta ajiye biro. Ta sa safar hannu ta zo ta taɓa daga ƙarƙashin kunne har haɓa, ta leƙa ciki da fitila, ta ce tun yaushe? Kawu ya ce haka yake likita, ai shi ya sa muke ce masa Kumatu. Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta takarda ta ce gobe da safe mu ga likitan haƙori, kada mu ce jibi.

Washegari da Mama muka je. Likitan haƙorin dattijo ne, ya sa aka yi hoton muƙamuƙi ya maƙala a jikin haske ya nuna mana. Gefen dama fari sol, ƙashi sosai. Gefen hagu kuwa kamar kumfar sabulu, ramuka ramuka. Ya ce ƙari ne yake girma a cikin ƙashin yana cin sa daga ciki yana tura haƙora, ba ƙusa ce ta jawo ba, kuma ba ya jin magani, sai an yanke. Ya gwada da yatsansa ya ce kamar tsawon wannan za a cire, a ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike wurin, zai ci abinci zai yi magana.

Baba ya ce, "Ƙusa fa, zan riƙe?"

Likita ya ce wannan kam sai dai haƙuri.

Sai Baba ya ce, "Likita abin nan ko sau ɗaya bai taɓa yi min ciwo ba. Ranar da ya fara ciwo da ƙafata zan dawo."

Likitan ya cire tabarau ya ce, "Malam sharrinsa ke nan, ba ya ciwo. Ranar da ka ji shi, ba yatsa ɗaya zan gwada maka ba."

A hanya Mama ta yi ta magana, Baban Auta ka ji tsoron Allah, kujera ce za ta yi maka tauna? Ya ce ke ba za ki gane ba, in aka taɓa bakin nan an yanke min hannu, ni da me zan tsaya a shago, in dinga tsintar ƙusa ɗaya ɗaya kamar ɗan koyo? Yayyena suka zo suka yi, Kawu ya yi har suka yi sati ba sa gaisawa. Ƙusar da ya haɗiye ta fita kwana uku, ya ce kun gani, jikina ya san aikinsa. Ya ajiye gemu. Ya mai da ƙusoshinsa kuncin dama ya ci gaba.

Shekara biyu muka yi a haka muna kallo. Yanzu kam kowa ya gani, gemu ya kasa rufewa, haɓar ta karkace, leɓen ƙasa ya ja gefe. Yara in sun wuce shago sai su cika baki da iska su ruga. Ya daina zama a benci a waje, ya juya teburin aiki ya fuskanci bango. Abinci sai Mama ta dama masa ruwa ruwa, yana ci yana rufe baki da hannu ko a gabanmu. Ƙarin ya taso ta ciki har haƙoran sama suna cizon sa, in ya tofar da ƙusa a gwangwani sai in ga ja ja a jiki, in na kalla ya rufe da murfi. Mama ta daina yi masa magana a kai, sai dai in ganta tana wanke kwano ɗaya har sau uku.

Kujera ce ta yi abin da mu muka kasa. Wata mata ta kawo doguwar kujera da yadinta fari tas mai tsada, ya yi kwana biyu a kai saura gefe ɗaya, ina zaune ina jiran kwano, ya sunkuya zai ja yadin sai yawu da jini ya ɗigo daga gefen bakinsa a tsakiyar farin nan. Bai ma ji fitarsa ba. Ya tsaya yana kallon ɗigon yana faɗaɗa. Mutumin da ko inuwar datti ba ya bari a aikinsa. Ya tofar da ƙusoshin, ya rataye guduma a ƙusarta, ya ce, "Auta je ki ce wa mamarki ta ɗauko takardar asibitin nan."

Likitan bai yi masa gori ba ko kaɗan. Ya dai maƙala sabon hoton, kumfar ta tsallake haɓa ta kama gefen dama. Bai gwada da yatsa ba, tafin hannunsa duka ya shimfiɗa.

Da safen da za a shiga da shi tiyata yana kan gadon turawa ya kamo hannuna ya ce, "Ki ce wa Kawunki kada ya taɓa min guduma, hannunsa ba shi da albarka." Muka yi dariya har nas. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa tar, kowane harafi a wurinsa.

Awa tara aka yi. Sun ce an cire duka, ƙarin ba zai kashe shi ba, mun gode Allah. Amma daga ƙarƙashin kunnen hagu har ya wuce haɓa babu ƙashinsa, ƙarfe aka sa, haƙoran ƙasa uku suka rage. Wata biyu da sirinji Mama take ba shi abinci. In ya yi magana iska ce da sauti, Mama kan gane rabi, ni kan gane kaɗan, in ya ga muna kallon juna sai ya ɗaga hannu ya bari. Sunana ma ba ya fita. Mama ta ɗinka masa ƙananan ƙyallaye guda goma masu igiya saboda yawu, kullum ina wanke biyar.

Ya koma shago watan jiya. Gwangwani a gabansa, yana tsintar ƙusa da yatsa ɗaya ɗaya, ya saki yadi ya ɗauka ya sake ja, kujerar da yake gamawa a wuni yanzu kwana huɗu. Ranar farko Kawu ya leƙo da saurinsa ya ce, "Kuma..." sai ya haɗiye sauran, ya tsaya riƙe da ƙofa. Baba ya ɗago ya kalle shi, ya ɗauki guduma ya buga katako sau ɗaya. Kawu ya ce, "Kumatu, yau me aka karya da shi," bai iya kaiwa kan inci ba, ya ja baƙin gilashin waldarsa ya rufe ido ya koma shagonsa. Ranar ban ji ƙarar walda ba har la'asar.

Shekaran jiya na tambaye shi, Baba in rubuta labarinka a waya mutane su karanta? Ya buga ɗaya. Na ce har da wurin da likita ya gwada yatsa ka ƙi? Ya daɗe yana juya gudumar a hannu, na zaci biyu zai buga. Ya buga ɗaya, da ƙarfi, har gwangwanin ya yi tsalle.

To ga shi na rubuta. Don Allah duk wanda ya karanta kada ya bar shi a wayarsa, ya tura wa 'yan gidansu da abokan aikinsa, musamman wanda yake da wani a gida mai kumburi a baki ko haƙori na motsi yana cewa ai ba ya ciwo. Ku tura masa, in ba ya karatu ku karanta masa. Na ji bugu uku, ya tashi, bari in je.