Kwandon Yayana

Ni ne na yi laifi, ba maigadi ba, ba kuma dokar gidan ba. Na daɗe ina ɗora musu, yau dai gara in faɗi yadda aka yi.

Shekarun baya, harkar kwangilata ta buɗe, sai na ƙwallafa rai a kan wani gida a cikin dogayen benayen tsakiyar Abuja, irin waɗanda in ka leƙa taga kake hango motoci kamar tururuwa. Matata ta ce gidanmu na Lugbe ya ishe mu. Ban ji ba. Ni da ko sakandare da ƙyar na gama, so nake a ce ina maƙwabtaka da daraktoci. Na sayar da na Lugbe, na cika, na saya.

Wanda na fara gaya wa shi ne yayana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da sana'ar kayan marmari a kasuwar Zuba, kuma a rumfarsa na fara kwana da na zo Abuja. Ya yi dariya a waya, ya ce, "Auta, ka hau sama ke nan! Allah ya sa alheri. Ka dai riƙa leƙo ƙasa, muna nan."

Ranar walimar shiga gidan na gayyaci manyan da nake neman aiki a wurinsu. Shi ban faɗa masa ranar ba, ashe matata ta faɗa. Ana tsakiyar cin abinci maigadi ya kira.

"Oga, akwai wani dattijo a get da kwando a kai. Ya ce shi yayanka ne."

Na dubi falo, na dubi baƙina. Na tuno rigarsa ta kasuwa da ba ta rabuwa da tabon mangwaro. Sai na ji bakina ya ce, "A bi da shi ta ƙofar masu kawo kaya."

Lifta biyu ce a ginin. Akwai ta baƙi, akwai ta baya wadda ake hawa da tukunyar gas, a sauko da shara. Ta nan aka hawo da shi, matata ta buɗe masa ƙofar kicin. Ita ta ba ni labari daga baya: sabuwar shadda ce a jikinsa, ko wanki ba ta sha ba. Ya sauke kwandon, lemo da abarba zaɓaɓɓu. Ta roƙe shi ya shiga falo, ya ce, "A'a, Amarya, inda aka nuna min nan zan tsaya. Ki ce masa gida ya yi kyau." Bayan kicin kawai ya gani, ya tafi ya bar kwandon.

Baƙina sun sha abarbar. Wani ya tambayi inda nake samunta, na ce akwai wani mutumina a Zuba.

Yayana bai taɓa tayar da maganar ba. In na kira yana ɗauka, mu gaisa lafiya lau. Sai dai ya daina ce min Auta. Na koma Alhaji.

Kwandon ya zauna a baranda. Matata takan ce, "A gidanmu ba a riƙe mazubin mutane, kuma ba a mayar da shi wayam." Na sayi yadi, na sayi agogo, duk abin da na sa a ciki sai in ga kamar kuɗin dako zan biya shi, in fitar. Haka shekaru suka wuce. Har yau ina gidan, kuma duk sanda na ji ƙarar liftar baya sai in tuno shi.

Matar yayana ce ta kira ni ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Na ɗauki kwandon haka nan, babu komai a ciki, na tafi Zuba. Na same shi kwance a tabarma, 'yan kasuwa sun zo dubiya. Ya kalli kwandon, da ƙyar maganar ta fito.

"Alhaji, a kan wannan ka sha hanya?"

Na durƙusa a gaban mutanen, na ajiye shi kusa da hannunsa mai motsi.

"Yaya, ba kuskuren maigadi ba ne. Ni na ce a bi da kai ta baya, don ina jin kunyar a gan ka. Ban sami abin da zan sa a ciki ba. Autanka ne, don Allah ka yafe min."