Sunaye Shida a Bakin Kaka

Ina cikin adaidaita a Kano yau da safe, rediyo ya ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce. Sai kakana ya faɗo mini a rai.

Su bakwai aka ɗiba daga ƙauyenmu kusa da Roni zuwa yaƙin Bama, zamanin Turawa. Shi kaɗai ya dawo. Kullum bayan la'asar zai zauna kan buzunsa a gindin darbejiya, bakinsa na ƙamshin kanumfari, ya kira sunayen shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu Fatiha.

Ina 'yar shekara takwas na ce, "Kaka, ai Bama nan Borno take. Me ya hana su shiga mota su dawo?"

Ya yi dariya har da tari. "Amarya, waccan Bamar daban ce, sai an yi kwanaki a kan teku. Can daji aka binne su, ba wanda ya san wurin. Bakin nan nawa shi ne maƙabartarsu. Ki riƙe sunayen, kin ji?"

Na ce to, na ruga wasa.

Yau na gwada, uku kawai suka zo: Audu Dogo, Tanko, Ilu. Na kira Baba a waya, da ƙyar ya tuno ɗaya. Biyu sun ɓace mana.

Ya Allah, Kai ba Ka mantuwa. Ka jiƙan Kaka da abokansa, har da biyun da muka yar. Ka kira su Aljanna da sunayensu.