Muryar Motar Mahfuz

Shagona yana kallon zauren Malam Husaini, titi ne kawai tsakaninmu, don haka yawancin abin da zan faɗa game da ɗansa Mahfuz a kan idona aka yi. Sauran kuma shi ya ba ni da bakinsa, a kan bencin ƙofar shagon, inda yakan zauna ya sha ruwa in ya dawo daga hanya.

Mahfuz ne ɗan fari. A tsofaffin gidajen cikin garin Keffi irin nasu har yanzu ana alkunya, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya kuma yabonsa a gaban mutane. "Babba" Malam yake ce masa, in ma ya kira ke nan, sau da yawa "kai" ce kawai. Mahfuz ya tashi a haka bai ɗauke shi a bakin komai ba. Da ya gama sakandare ya koyi tuƙi, ya daɗe yana jan motar wani gidan burodi, har Allah ya hore masa ya sayi tsohuwar a-kori-kura fara. Da ita yake ɗauko doya daga Garaku, masara da gawayi daga Gitata, ya sauke wa 'yan kasuwa. Mutum ne mai tattalin mota. Injinta ba ya ƙara ko kaɗan, sai ta tsaya a bayanka ba ka sani ba, kuma a da da wannan yake alfahari.

Da girma ya kama Malam Husaini idanunsa suka tafi. Ya bar keken ɗinkinsa, ya koma zama a zaure kan buzu, da carbi da rediyo. Mahfuz ne ke gida ɗaya da shi. Shi ke kai shi masallaci, shi ke ɗiga masa magani a ido, matarsa Nasiha ke dama masa kunun safe.

Ƙaninsa Akram kuwa, autan gidan, direba ne a wani kamfanin gine-gine a Abuja. Ba kullum yake zuwa ba, sai ya samu sarari a ƙarshen mako. Yakan zo da baƙar a-kori-kurar kamfani, sabuwa, mai wata irin murya mai kauri da za ka ji a ƙirjinka kafin ka ji a kunne. Tun tana kwanar masallaci Malam zai ɗaga kai, ya rage rediyo, ya gyara zaman hularsa.

"Ga Akram nan," zai ce, ko da babu kowa a wurin. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Wata Asabar Mahfuz yana tsugune yana yanke wa uban farce sai ga ƙugin motar. Malam ya janye ƙafarsa daga hannunsa ba tare da ya sani ba, ya juya wajen ƙofa. Mahfuz ya zauna da reza a hannu yana kallonsa. Akram ya shigo da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa ya gaida uban, ya ce, "Yaya, sannu da gida." Mahfuz ya amsa a taƙaice, ya tsallako titi ya zauna a bencina.

"Ka gani ko?" ya ce min. "Ni da nake shiga ina fita kullum, sai na yi sallama sau biyu kafin ya san na zo. Wannan kuwa tun daga kwana ake yi masa maraba. Lemo fa ya kawo. Lemo."

Na ce masa ai auta ne, kuma wanda ba a gani kullum shi ake marmari. Ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Motar ce. Baba da kunne yake gani yanzu. Ni motata ba ta magana."

Na yi dariya don na zaci wasa yake. Ashe har zuciyarsa yake nufi. Daga ranar ya shiga sauraron motoci. Duk a-kori-kurar da ta wuce sai ya karkata kai, ya ce wannan ta cika kaushi, waccan kamar mai tari. In Akram ya zo, sai ya zagaya bayan baƙar motar kamar mai duba taya, alhali salansar yake leƙe. Bai taɓa tambayar ƙanin ba. Girman kai ba zai bar shi ba.

Nasiha ce ta fara jin shawarar da ya yanke ta canja wa motarsa salansa. Ta ce, "Motar da ba ta yi maka laifin komai ba za ka kai a yanka?" Ya ce ita ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, shi ya sa take magana. Bai saurare ta ba.

A Sabon Gari akwai Chukwuma, wanda aikinsa ke nan, salansa da walda. A Keffi aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tamu. Rumfarsa cike take da tukwanen salansa a rataye, sababbi da tsofaffi na Baljiyam. Mahfuz ya je ya ce yana son motarsa ta riƙa ƙara.

Chukwuma ya sunkuya ya duba ƙarƙashin motar, ya miƙe yana goge hannu. "Oga Mahfuz, wannan salansar lafiyarta ƙalau. Ƙara kake so ko murya? Ba ɗaya ba ne."

"Mene ne bambancin?"

"In na cire tukunyar na sa maka bututu zalla, har mutanen Garaku za su ji ka. Amma kamar acaɓan da salansarsa ta fashe. Dariya za a yi maka."

"A'a. Mai kauri nake so. Irin wadda ke fitowa daga ciki." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka san baƙar motar nan da ƙanina ke zuwa da ita?"

"Na san ta. Injinta fulogi shida ne, naka huɗu. Ba za su zama ɗaya ba, amma zan matso da kai kusa."

Ya sauko da tukwane ya jera a ƙasa. Wata doguwa ce siririya, wata gajera mai ƙiba, wata kuma mai baki biyu tana sheƙi, wadda Chukwuma ya ce ado ne kawai, samari ke saye. Ya yanke tsohuwar, ya riƙa liƙa kowace da ɗigon walda yana tayar da motar yana taka totur. Mahfuz bai tsaya kusa ba. Tsallaka titi ya yi, ya tsaya gindin wata bishiyar mangwaro, ya rufe idanu. Masu keke suna wucewa suna kallonsa. In bai gamsu ba sai ya ɗaga hannu ya kaɗa, idanun a rufe.

Gajerar mai ƙiba ce ta sa ya buɗe ido. Da Chukwuma ya haɗa ta da bututu mai faɗi, farar motar ta yi wani gurnani a hankali, mai nauyi, kamar hadari na haɗuwa daga nesa.

"Ita ce," in ji Mahfuz.

"To ka ji gaskiya tun yanzu," in ji Chukwuma. "A cikin gari daɗi za ta yi maka. Amma in ka hau dogon titi da kaya, za ta riƙa amo a cikin motar, ya cika maka kai. Kada ka dawo ka ce ban faɗa ba."

"Kai dai ɗaura."

Da la'asar Mahfuz ya shigo unguwa. Ni kaina na ajiye awon da nake yi na leƙo. Motar ta karyo kwanar masallaci a hankali tana ƙugi, Mahfuz ya fito da gwiwar hannu ta taga. A zaure Malam Husaini ya ɗaga kai, ya rage rediyo, ya kai hannu ga hularsa.

"Akram? Yau Laraba? Lale, lale!"

Mahfuz ya riga ya sauko da ƙafa ɗaya. A nan ya tsaya. Sai can ya ce, "Ni ne, Baba."

"Au, kai ne." Malam ya mayar da rediyon yadda yake. "Me ya samu motar taka?"

"Gyara aka yi."

"To Allah ya kyauta. Ka duba min maganin nan, kamar ya ƙare."

Na zaci gobe da safe zai koma wajen Chukwuma a mayar masa da tsohuwar. Bai koma ba. Abin da ya riƙa yi shi ne, in ya iso ƙofar gida ba ya kashe motar nan da nan. Sai ya zauna a ciki, injin na gurnani, yana kallon uban ta gilashi yana gyara hula yana murmushi. Ya san ba don shi ake yi ba. Duk da haka sai ya kalla ya ƙoshi, sannan ya kashe, ya yi sallama, murmushin ya koma inda ya fito. Malam bai iya rarrabe motocin ba, kullum sai ya sa rai. Nasiha ta ce masa wannan ba daidai ba ne, yana wasa da zuciyar tsoho. Ya ce shi bai ce wa kowa shi Akram ne ba.

Maganar Chukwuma kuwa ta tabbata. In ya lodo doya daga Garaku, kafin ya iso Keffi kansa na sarawa. Ya gwada toshe kunne da auduga, ya gwada rufe gilashi, abin ya ƙaru. Yakan sauko yana murza goshi, ya sayi maganin ciwon kai a wurina, amma in na ce a cire sai ya harare ni.

Ana cikin haka aikin kamfanin su Akram ya ƙare, aka sallami direbobi, aka karɓe motoci. Akram ya dawo Keffi a motar haya, acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida da jaka ɗaya. Ba zan ɓoye ba, a kwanakin farko na ga sauƙi a fuskar Mahfuz. Har fara'a ya yi wa ƙanin, ya ce ya kwantar da hankalinsa, gida gidansa ne.

Sauƙin bai daɗe ba. Yanzu Akram na zaune a zaure wuni guda, yana karanta wa uban labarai daga waya, suna gardamar siyasa, Malam na yi masa faɗa a kan rashin aure yana kiran sunansa a kowace jimla. Da yake autan na gefensa, Malam ya daina sa rai da ƙugin mota. In Mahfuz ya karyo kwana, abin da ake ji daga zaure shi ne, "Ga mai damun unguwa nan ya dawo."

"Ko faɗan ma shi ake yi wa," Mahfuz ya ce min. "Ni ko faɗa ban isa a yi min da suna ba."

Wata ranar kasuwar Gitata ciwon kan ya kwantar da shi, ga masu masara na jira. Nasiha ta ce ya ba Akram makulli mana, ai direba ne. Ya yi ta juyi a kan katifa kafin ya yarda. Akram ya je ya dawo lafiya, kaya cif, masu kaya na yabon hankalinsa. Da aka tambaye shi amon, ya ce shi bai dame shi ba, a wurin gini ya saba da abin da ya fi haka. Mako na gaba ma shi ya je. A hankali hanya ta koma hannunsa, Mahfuz ya koma neman lodi da waya da hulɗa da 'yan kasuwa, wanda kowa ya shaida ya fi iyawa. Cinikinsu ya ƙaru, har ana maganar ƙara mota. A unguwa kuma yara suka fara cewa "motar Akram", ba wanda ya gyara musu sai Mahfuz, in ya ji.

Jiya da hantsi Mahfuz yana bencina Akram ya fito zai tafi Garaku. Ya ɗaga mana hannu, ya ce, "Yaya, sai na dawo." Ya tayar da motar, ya bar ta ta ɗan yi ɗumi, sannan ya ja a hankali. Ya sa giya ta biyu daidai kwanar masallaci, muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri, ta bi bango har kwalaben shagona suka amsa.

Mahfuz ya bi ta da kunne har ta ɓace. 

"Ka ji ko?" ya ce daga baya. "Ni na tsaya a bakin titi na zaɓe ta. Amma wallahi ba ta taɓa yi min irin wannan muryar ba."

Ya yi tsaki, ya karɓi ruwansa, ya tsallaka titi don lokacin ɗiga wa Malam magani ya yi.