Ranar Da Na'ura Ta Yi Wa Rabi Ta'aziyya

Ko da na tsufa na fara manta inda na ajiye hulata, ba na jin zan manta da Talatar da na'urar ofishinmu ta yi wa wata mata ta'aziyyar ɗanta, alhali yaron na Kongolam yana cin ɗanwake a gaban kakarsa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama.

A lokacin ni ne jami'in bibiya da tantance aiki a ofishinmu na Daura. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne bin diddigi: idan ƙungiya ta ce ta raba garin kunu mai gina jiki ga ƙananan yara, mu ne za mu je mu ga ko kunun ya shiga cikin yaran, ko ya tsaya a hanya. A da da ƙafa muke yi, gida-gida, mu sha ruwan randa mu sha haushin kare. A daminar shekarar sai hedikwata ta ce an ci gaba. Aka kawo ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke kiran iyaye mata a waya da muryar mace, ta yi musu tambayoyi da Hausa, ta saurari amsa, ta rubuta rahoto da kanta. Matan ƙauye suka sa mata Hajiyar Waya. Gaskiya tana da ladabi, ta fi wasunku iya gaisuwa.

Sunayen yaran kuwa Malama Saude ce ta tattara su. Ita ce ma'aikaciyarmu a ƙauyukan da ke kewayen Babban Mutum, mace mai faɗa kamar me, amma ta sha faɗuwa daga kan acaɓa cikin taɓo da ma'aunin yara a goye. Kwantiraginta na shekara-shekara ne, kuma a watan ne za a sabunta shi.

Ranar Talatar, muna zaune sai ga kiran Malama Saude, ana ta kururuwa a bayanta.

"Malam Nasiru, wane ne ya mutu?"

Na ce, "Subhanallahi! Ke da ke can kike tambayata?"

"To Hajiyarku ta ce Sagiru ɗan Rabi ya rasu. Ga gida ya cika, har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida!"

Na buɗe faifan hirar na saurara. Hajiyar Waya ta gaida Rabi, ta tambayi lafiyar 'yarta Jummai, Rabi ta yi ta zuba har da labarin haƙori. Sai na'ura ta ce, "To yaya ɗanki Sagiru?" Shiru. Ta maimaita. Shiru. Sagiru ɗan fari ne, ga wayar an sake ta kowa na ji, ga matan gida sun kewaye ta. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki ta yi zancen ɗan fari a gaban mutane? Rabi ta cusa fuska cikin mayafi tana ƙunshe dariya, kafaɗa na rawa. Na'ura ta ji wannan shessheƙa, ta yi lissafinta, ta sassauta murya ta ce, "Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙurin rashi."

Tun da aka yaye yaron yake wurin mahaifiyar Rabi a Kongolam. Rabi ta ɗauka ofishin Daura ya riga ta jin labari daga asibiti. Aka kira tsohuwa, waya ba ta shiga, don a bakin iyakar nan layin Nijar ne ke shanye namu. Mijin Rabi, Malam Idi, ya bar tumakinsa a kasuwa, ya haye babur ba ko hula. Ya isa ya tarar da mamacin ya shafe fuska da mai da yaji, yana neman ƙari.

Mun yi dariya har da hawaye, ban ɓoye muku ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Kashegari rahoton na'ura ya isa hedikwata, kuma ba Sagiru kaɗai ba ne. Duk gidan da uwa ta yi shiru, ko ta ce "ni ban san shi ba", ko ta miƙa wa wata wayar, na'ura ta rubuta abu biyu: ko yaron ya mutu, ko sunan bogi ne aka cusa don a karkatar da garin kunun. Kuma kusan duk a yankin Malama Saude suke, don nan ne kunyar ɗan fari ke da sauran ƙarfi.

Shugaban sashenmu, Oga Faruk, ya taso daga Abuja. Bahaushe ne, amma girman Abuja, irin waɗanda hoton ɗansu na fari ke fuskar wayarsu, suna nuna wa kowa. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Nasiru, wannan al'adar ai ta mutu tun zamanin kakanni. Matata tana kiran sunan ɗanmu sau ɗari a wuni."

Na ce, "Yallaɓai, a Abuja ta mutu. A nan ko mura ba ta yi ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce masu ba da tallafi ba sa karɓar al'ada a matsayin hujja, gani ya kori ji. Ko dai a samu uwa ɗaya daga cikin waɗanda na'ura ta lissafa ta nuna ɗanta a bidiyo ta faɗi sunansa, ko kuma a dakatar da Malama Saude a tura mata masu bincike. Raina ya ɓaci ƙwarai. An bar jaki ana dukan taiki. Malama Saude kuwa, da take zaune tana jin komai, ta gyara mayafi ta fita.

Muka sa rana, muka tafi ƙauyen su Rabi, ni da oga da Malama Saude. Malam Idi ya ɗauko yaron da kakarsa, Inna Kulu, tsohuwa mai goro a kunci da baki kamar reza. Mai gari ya sa aka yi shimfiɗa a gindin darbejiya, mata suka kawo 'ya'yan farinsu, aka jera su kamar za a yi musu allura. Kowace uwa ta juya wa nata baya tana kallon wani wuri daban. Oga Faruk ya ɗaga waya yana ɗauka.

Ya ce da Rabi, "Baiwar Allah, wannan ɗan wane ne?"

Inna Kulu ta yi caraf ta ce, "Mijina ne. Kai da ganinsa ba ka ga ango ba?"

"Hajiya, uwarsa nake tambaya."

"Uwarsa ni ce, matarsa ni ce. In kishi kake yi, ka fito fili."

Wuri ya kaure da dariya, har mai gari sai da ya kare baki da hannun riga. Oga ya koma kan wata mata, ta ce ita ruwa ta ɗora a wuta. Ya koma kan wata, ta ce yaron na maƙwabta ne, alhali kamanninsu ɗaya kamar an tsaga kara. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa kwat. Daga ƙarshe ya sauke wayar ya ce da ni a hankali, amma ba a hankalin da zai hana mutane ji ba, "Ka gani ko? Ba ni da abin kai wa. Saude ta miƙa ma'auni da katinta ranar Litinin."

Malama Saude ta fara kwance ma'aunin daga jikin reshen da ta rataye shi. Sai na ji muryar Rabi daga cikin mayafi.

"Wai Yaya Saude za a kora?"

Na ce, "Haka oga ya ce."

"Ita da ta kwana da mu a asibiti sanda Jummai ta kumbura?"

Rabi ta miƙe. Ta dubi uwarta, ta dubi matan gari, ta dubi ƙasa. Ta je ta dafa kan yaron da yatsa biyu, kamar mai taɓa tukunya a wuta, ta ce, "Ɗauki, Malam. Wannan Sagiru ne. Ni na haife shi."

Mata suka saki salati. Inna Kulu ta tofar da goro ta ce duniya ta zo ƙarshe. Shi kuwa yaron ya ɗaga kai ya ƙura wa Rabi ido, ya juya wurin kakarsa ya ce, "Inna, ashe ta san sunana?"

Dariyar da aka fara sai ta yanke. Rabi ta ja mayafi ta ruga cikin gida, wannan karon kukan gaske take yi. Oga Faruk ya dubi wayarsa, sannan ya ce da Malama Saude ta mayar da ma'auninta.

An sabunta kwantiraginta. Na'urar ma ba a kore ta ba, an dai hana ta yin ta'aziyya, an kuma koya mata cewa in uwa ta yi shiru, ta turo mutum ya je ya gani. Tana aiki har yau, kuma tana rage mana wahala. Baƙo ko da ido makaho ne, laifin na masu masaukinsa ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikinmu babu tambayar da take kyauta. Mu muka koma Daura da hujja a aljihu muka rufe fayil. Rabi kuwa sai da ta yi kusan damina guda ba ta zuwa rijiya sai mutane sun watse, don matan gari na ce mata mai kiran suna. Duk sanda za ku ba na'ura tambaya ta kai wa mutane, ku fara tunanin wanda zai biya kuɗin amsar, don ba mu ne muke biya ba.